Saƙo na Ɗari da Tamanin da Ɗaya

Ni ce Keziah, ɗiyar Baba Mika tsohon soja, gidanmu na bayan kasuwar Zuru. Kafin in fara, alfarma guda nake roƙo: wadda duk ta karanta wannan, don Allah kada ta ce min sannu. Na sha sannu har ta fita raina. Abin da zan faɗa muku ya faru ne ranar Juma'ar nan da ta wuce, cikin daminar nan ta 2008, kuma tun ranar jikina yake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina tafiya, ina cin abinci, ina amsa gaisuwa, amma ba na jin komai.

Philip ne wanda zan aura. Ɗan Dabai ne, soja kamar rabin samarin ƙasarmu. Damina uku yana kwaso abokansa suna yi wa Baba golmo, noman da saurayi ke yi wa uban budurwa a wajenmu, duk da Baba ya ce ya yafe. Saura sa rana aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, wai wata shida.

Ranar da zai tafi ya ce, "Kezi, can babu layin waya. Amma akwai intanet a sansani. Kullum da safe zan turo miki saƙo, sai dai ba za ki iya ba ni amsa ba."

Na ce, "To idan na yi fushi fa, wa zan zaga?"

Ya ce, "Ki tara min. In na dawo sai ki sauke gaba ɗaya."

Bai saɓa ba. Ƙarfe shida da rabi ƙaramar Nokiyata mai tocila za ta yi ƙugi a ƙarƙashin matashi. Babu lamba a sama, sunansa kawai, Philip. "Kezi, yau wake muka ci, ya fi na Mama tauri. Kada ki gaya mata." Irin wannan shirmen nasa. Wayar ba ta ɗaukar saƙo da yawa, don haka na sayi littafi mai baƙin bango ina kwafe kowanne, da lamba da kwanan wata, sannan in goge.

Cikin wata na biyar sojoji biyu suka je gidansu a Dabai. Suka ce motar su Philip ta fita sintiri ba ta dawo ba, kuma ba a gan shi ba. Na kwanta a tabarmar tsakar ɗaki na juya wa ƙofa baya. Washegari shida da rabi waya ta yi ƙugi. Na duba, shi ne, yana tambaya ko kazar da ya bar min ta yi ƙwai. Na tashi na yi wanka, na ci ɗumamen tuwo har da neman ƙari. Da aka yi masa addu'a a Dabai ban je ba. Wa ke zuwa addu'ar mutumin da ya yi mata magana da safe?

Haka muka tafi har wata goma sha huɗu. Littafina ya kai lamba ɗari huɗu da ashirin da uku.

A gida kuwa an gaji da ni. Mama ba ta faɗa, sai dai ta tsaya tana kallona ina kwafe saƙo, ta ja tsaki a hankali ta koma gindin murhu. Baba ne ya kira ni ranar Laraba, yana zaune a kujerarsa ta roba ƙarƙashin mangwaro, rediyo a cinya.

Ya ce, "Ɗiyata, ni soja ne. Na san abin da ake nufi in an ce ba a ga mutum ba."

Na miƙa masa waya. Ko kallonta bai yi ba.

"Mutanen Japhet sun zo gaisuwa sau biyu. Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba. Amma ba a barin dattawa a tsaye. Lahadi in an taso coci ki ba ni amsa, ko i ko a'a."

Na ce, "A'a ce, Baba, tun yanzu."

Ya ce, "Lahadi na ce."

Japhet ɗin nan abokin Philip ne tun firamare, kuma shi ne ogana. Dogo ne siriri mai tabarau, kullum cikin riga mai dogon hannu ya cusa ta a wando. Lokacin golmo da shi ake zuwa, amma kunya ɗaya yake yi ya zauna yana haki, ƙannena suna masa dariya. Ya yi karatun kwamfuta, ya dawo ya buɗe shago a bakin titi da farantin intanet a kan rufi. Philip ne ya kai ni can kafin ya tafi, wai in koyi aiki kada zaman gida ya lalata ni. Tun da mutanensa suka fara zuwa gidanmu na daina yi masa magana in ba ta aiki ba. A raina na ce kai, wannan ai cin amana ne, abokinka yana can da rai kana zagaye gidan matarsa. Shi kuma ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga min zancen ba, abin da ya ƙara ƙular da ni ke nan.

Dole in bayyana muku aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da na gani ba. Babban cinikinmu tura saƙo ne ga mutane da yawa lokaci guda, sanarwar biki, taron ƙungiya, rasuwa. Japhet da kansa ya haɗa ɗan shirin da muke yi da shi, ya sa masa suna tura. Ba hoto ba kwalliya, baƙin allo ne kawai, ki rubuta umarni ki danna. Za ki ba shi abu uku: lambar da za a tura wa, sunan da zai fito a wayar mutum, da saƙon.

Ranar da ya koya min ya ce, "Saƙon nan hanya uku ake ba shi. Ko ki rubuta shi nan cikin layin. Ko in yana ajiye a fayil, ki sa alamar nan mai kama da a cikin zobe, ki bi ta da sunan fayil ɗin, sai ya je ya karanto da kansa. Ko kuma ki sa alamar debewa kawai."

Na ce, "Debewa kuma? Me za a debe?"

"Ba komai. Ce masa kika yi ya tsaya ya saurare ki. Zai jira ki buga da hannunki, in kin gama ki danna Ctrl da D. Amfaninta, abin da kika buga ba ya zama cikin tarihin umarni. Wanda ya zo bayanki zai ga an tura saƙo, amma ba zai ga me aka ce ba. In mutum ya kawo maganar sirri, da ita za ki yi."

Na riƙe wannan sosai. Da ita nake tura wa 'yan mata saƙonsu ga samari, suna tsaye a kaina suna rufe allo da mayafi.

To, Juma'a. Ranar saƙon Philip ya shigo da wuri, biyar da rabi. "Ki ci abinci kafin ki fita. Shayi kaɗai ba abinci ba ne." Na kwafe, na sa siket ɗina na atamfa shuɗiya da farar riga, na ɗaura ɗankwali, na sha shayi na fita. Na tarar da shago a kulle, takarda maƙale a ƙofa: Oga ya tafi Ribah gyaran kwamfuta, sai la'asar. Na buɗe, na tayar da janareta, na kunna tawa kwamfutar. Ta yi wani ƙauri ta mutu.

Ina tsaye a kanta Malam Sila, magatakardan cocinmu, ya shigo da lema a hammata.

"Keziah, ɗiyar Mika, ki taimake ni. An ɗaga koyon waƙa zuwa ƙarfe huɗu, mawaƙa sittin ne, ba zan iya bin su gida-gida ba."

Na kira Japhet. Iska da ƙarar babur sun cika wayar.

"Oga, tawa ta ƙone. Malam Sila na jira."

Na ji ya tsayar da babur. Sannan ya ce, "Ba zai jira in dawo ba?"

"Ƙarfe huɗu ne taron."

Ya ce, "To hau tawa." Ya faɗa min kalmar sirrin. "Ki tura ki sauka, kin ji?"

Ban taɓa zama a kujerarsa ba. Lambobin mawaƙa suna cikin wani fayil da na manta sunansa, sai na yi abin da kowa ke yi, na danna maɓallin kibiya mai kallon sama don ya dawo min da umarnin baya in gani. Dannawa ɗaya na yi. Layin ƙarshe da Japhet ya buga ya fito:

tura --lamba 0803… --suna Philip --sako -

Lambar tawa ce.

Na daɗe ina kallonta. Ba faɗuwar gaba, ba jiri, wallahi ba komai. Na ci gaba da danna kibiya har na sami fayil ɗin mawaƙa, na tura sanarwar Malam Sila, ya yi godiya ya ce in gaida Baba, na ce zai ji. Har raka shi na yi bakin ƙofa na ce ya yi hankali da taɓo.

Sannan na dawo na buɗe rajistar shirin, inda yake rubuta ranar da aka yi kowane aiki da inda ya samo saƙon. Na sa ya lissafo min duk layin da ke ɗauke da lambata. Suka zubo, allo bayan allo. Na koma can farko, ranar da Philip ya cika kwana ɗaya da tafiya.

--sako @philip/001.txt

Washegari 002. Washegari 003. Na yi ta gangarowa. Ranar da sojoji suka je Dabai, 149. Ranar da na tashi na ci ɗumame, 150. Suka tafi a jere ba tsallake har 180. Daga nan babu sauran sunan fayil. Alamar debewa ce, kullum, kullum, har safiyar yau ƙarfe biyar da rabi, kafin mutum ya hau babur zuwa Ribah.

Kun gane ko? Na farkon an ajiye su ne tun kafin Philip ya bar Zuru, inji yana karantowa ɗaya bayan ɗaya. Sauran ɗari biyu da arba'in da uku kuwa, wani ne yake zama a kujerar nan da sassafe yana bugawa da yatsunsa. Ni kuma ina yi masa tsiya wai yana ƙona fetur tun kaji ba su sauko ba. Ranakun da saƙo ya makara ina cewa yaƙi ne ya yi zafi, ashe janaretanmu ne ya ƙi tashi.

Littafin yana jakata, ba na rabuwa da shi. Na buɗe daidai ɗari da tamanin da ɗaya na fara karantawa zuwa gaba. "Ruwa zai sauko yau, ki ɗauki lema." "Kada ki biye wa masu magana a kasuwa." "Na tuna ki cikin shuɗiyar atamfar nan." Wannan ya zo ne washegarin ranar da na fara sa ta, ni kuma na ce ai haka soyayya take, zuciya na gani daga nesa. Kai, Keziah, da hankalinki. Na bi su duka da yatsa. Babu inda aka ce min Kezi. Babu wake, babu kaza, babu shirme. Kuma cikin ɗari biyu da arba'in da uku, babu ko ɗaya da ya ce zan dawo.

Na buɗe foldar da aka sa wa sunan Philip. Fayil ɗin ba ɗari da tamanin ba ne. Akwai guda a ƙasa, 181, wanda rajista ba ta taɓa ambata ba. Na buɗe shi.

"Kezi, in wannan ya iso ki, wata shida sun cika ban dawo na hana Japhet tura shi ba. Duk saƙonnin nan a shagonsa na zauna na rubuta su kafin in tafi, babu wani intanet a can. Ki yafe min ƙaryar. Kada ki zauna jirana, dama ba haƙuri gare ki ba. Ki yi kukanki ki gama, ki tashi."

Na karanta sau biyu. Wata mata ta shigo a yi mata hoton takardar asibiti, na yi mata. Wani ya zo buga takardar neman aiki, na buga masa, har na gyara masa kwanan wata. Da azahar na sayi waina da miya a wajen mai tallan ƙofar shago na cinye tas. Ina ta sauraron kaina ko wani abu zai motsa, shiru.

La'asar sakaliya Japhet ya dawo, wandonsa jajir da taɓon hanyar Ribah. Ya tsaya a ƙofa, ya gan ni a kujerarsa, ya ga allon. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

Na ce, "Sannu da hanya, Oga."

"Keziah."

"Ɗari da tamanin da ɗaya nawa ne ko naka?"

"Naki ne."

"To me yake yi a nan wata takwas?"

Ya jawo bencin masu jira ya zauna, hannuwansa tsakanin gwiwoyi. "Na buɗe shi da safen da ya kamata in tura. Jiyan ranar kin shigo kina dariya, kina nuna min abin da ya ce. Na ce bari in ƙara miki kwana ɗaya tak."

"Kwana ɗari biyu da arba'in da uku, Oga."

"Na sani. Ni nake buga su."

"Aka yi masa addu'a ban je ba. Uwarsa ta gan ni a kasuwa ta kau da kai. Kana kallo."

"Ina kallo."

"Kuma ka bar mutanenka suka zo gidanmu."

Ya ɗago. "Na ce su dakata, Kawu bai saurare ni ba. Amma ba zan ce ba na so ba. Ina son ki, tun ina faɗuwa a gonar Baba. Shi ya sa abin ya ƙara fin ƙarfina. Saƙo ya zo da sunan Philip yana cewa kada ki jira shi, daga kwamfutata, ni da nake son ki. Ranar da kika gano, za ki yarda ba ni na rubuta ba?"

Na yi tunani da gaske kafin in amsa. Na ce, "A'a."

"To kin gani."

"Ban ga komai ba. Ka riƙe min mamaci a waya wata takwas."

Janareta na ta ƙara a baya, fanka na juya takardun kan tebur. Na juya ga allon na buga da kaina, a hankali, yadda ya koya min. Lambata. Sunan Philip. Na sa alamar zobe, na rubuta philip/181.txt.

Ya ce, "Keziah, kin riga kin karanta."

Na ce, "A kwamfutarka na karanta. Ni aka rubuta wa."

Na danna. Ba a yi minti ɗaya ba wayar ta yi ƙugi a cinyata, sau biyu, don saƙon ya yi tsawo ya rabu gida biyu. Na duba sunan da ke sama. Na ciro biro na kwafe shi a littafi, na ja layi a ƙarƙashi, na ajiye masa makullin shago a kan tebur na fita.

A gida Mama na tankaɗe garin dawa a tsakar gida. Na tsuguna gefenta na ce, "Mama, Philip ya rasu."

Ta ajiye rariya. Ta kalle ni, ta kalle ni, sai ta fashe da kuka ta rungume ni, gari duk ya ɓata min farar riga. Ni ce nake bubbuga bayanta ina cewa ya isa. Na ce gobe ina so ta raka ni Dabai in gaida uwarsa. Baba yana jin mu daga ƙarƙashin mangwaro, ya kashe rediyo.

Asabar na farka tun kafin shida. Na kwanta rigingine da waya a kan ƙirji. Shida da rabi ta yi, ta wuce. Bakwai ta yi. Ba wanda ya ce in ci abinci, ban kuwa ci ba. Muka hau babur biyu zuwa Dabai, na durƙusa gaban uwar Philip na ce ta yafe min latti. Ta kama kaina ta ɗora a cinyarta tana kiran sunansa. Idona ƙamas, har kunya ta kama ni.

Yau Lahadi. Na yi wanka, na sa leshina ruwan hoda na zuwa coci, ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali. Baba ya riga ya fito da babbar rigarsa, ina jin shi yana goge takalmi a ƙofar ɗaki, kuma na san abin da yake jira in an taso. Shida da rabi daidai waya ta yi ƙugi a kan gado.

Na ɗauka. Ba lamba a sama, suna ne kawai, amma ba wanda na saba gani ba. Japhet.

"Keziah!" in ji Baba daga waje. "Za mu makara."

Ban buɗe ba tukuna. Yatsana yana kan maɓallin, kuma karon farko tun Juma'a na ji wani abu, tsoro ne. Domin jiya da na kwanta da waya a ƙirji har ƙarfe bakwai, na san Philip ya rasu, na san sarai ba shi zai turo ba, amma na jira.